Amsar da Ban Ba Ki Ba a Barandar Asibiti

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira. Zuwa ga Auta, autar gidansu, wadda a zuciyata ita ce ta fari kuma ita ce ta ƙarshe.

Ina yi miki sallama irin ta wanda ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, bai sani ba ko za a ce masa ya shigo. Ya jikin Mama? Ya karatu, ya ɗakin gwaje-gwajenku da kwalabensa? Ya ke kanki, ya hasken da ya ɗauke ya bar ni ina lalube da rana tsaka?

Yau kwana arba'in da uku rabon da in ji muryarki. Na kira har wayata ta gaji da ni, na tura saƙo har na fara jin kunyar yatsuna. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, don ita ba ta da wurin dannawa a katse ta. Ko yaga ta za ki yi, sai kin riƙe ta a hannunki tukuna, kuma ko wannan ma wani abu ne a wurina.

Bari ki ga inda nake zaune. Kwalejinmu ta yi hutu, ɗakunan kwana sun zama kufai. Gadaje huɗu ne a ɗakinmu, uku an naɗe katifunsu an ɗaure da igiya. Ni kaɗai na rage, saboda aikin koyon koyarwa da aka tura ni a firamaren nan ta bayan tasha. Da safe in tsaya gaban allo in yi ta magana har maƙogwarona ya bushe, da yamma in dawo in zauna ni da bango, ba mai cewa ci kanka. Famfon baranda yana ɗiga, ɗis, ɗis, kamar yana ƙirga min kwanakin shirunki. Safar hannuna ta tsaron raga tana rataye a jikin taga, ta bushe ta ƙanƙance, yatsunta a buɗe kamar mai roƙon gafara. Ban sake sa ta ba. Wayyo Auta! Ashe haka ɗaki yake faɗi idan mutum ba shi da wanda zai kira ya ce masa ya dawo lafiya?

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni kam ko barci nake aka tashe ni zan kawo ta tiryan-tiryan. Shekara biyu ke nan, a filinku. Kin san tsakanin kwalejinmu ta horon malamai da taku ta fasaha ba a ga maciji. Ku ce mana 'yan alli, mu ce muku 'yan sifana. Mutanenmu suna kirana Kwaɗo wai don na kulle raga, naku ma Kwaɗo suke kirana, amma nasu na bakin rafi ne, wai don tsallena da faɗin bakina. Ku kuma kuna da yayanki, Guguwa, mai lamba tara, wanda in ya ɗauko ƙwallo 'yan bayanmu sai su fara karanto duk addu'ar da suka iya.

Matsalar yayanki ɗaya ce: ba ya ƙiyuwa. Magoya bayanmu sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wallahi sun yi. Sun tsara masa waƙar zambo, sun kwana biyu suna bita. Sai ga shi a wasan ya zura ƙwallo, filinku ya kaure da ihu, shi kuwa ya je wurin alƙalin wasa da ƙafarsa ya ce ta taɓa hannunsa, a soke. Mai gangarmu ya ajiye gangar a kan cinyarsa ya ce, "Wannan yaron ya cuce mu, ya hana mu jin daɗin ƙinsa." Can gab da tashi aka ba ku fenareti, ya buga, na yi tsalle na kama. Ina kwance da ƙwallo a ƙirji ina jiran zagi, sai na ga hannu a gabana. Ya ɗaga ni, ya kakkaɓe min baya, yana dariya.

Sannan kika sauko. Ya Allah! Kina riƙe da gorar ruwa, shuɗin ƙyallen makarantarku a wuyanki, kina tafe kamar iskar da ke riga hadari isowa. Kika ba yayanki ya sha, kika juyo kika dube ni tun daga takalmi har gashi, kika ce, "Kai ne Kwaɗon? To ban yafe fenaretin yayana ba." Sai kuma kika miƙo min ragowar ruwan, fuska a ɗaure, dariya tana leƙowa ta gefen bakinki kamar rana ta bayan gajimare. Na sha ruwa iri-iri a rayuwata, amma wancan rabin gorar har yau ban gama jin sanyinsa ba.

Daga nan sai laburaren gari, teburin nan na kusa da taga mai gutsurarren gefe. Kina haddace sunayen sinadarai, ni ina rubuta tsarin darasi, ki fizge ki bi shi da jan biro, ki ce rubutuna kamar kaza ta yi tono. Sai ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai gyaran takalmi, motoci suna wucewa suna watso mana, kika kafa min doka: "Ranar wasa ban san ka ba. In aka busa usur na ƙarshe, ka dawo nawa." Da na je na gaya wa yayanki maganarmu, sai ya riƙe haɓa ya ce, "Ka kama ƙwallona, yanzu kuma ƙanwata? Wai kai ba abin da ke wuce ka ne?" Wa ya kai ni sa'a a lokacin? Tsuntsun da ya sami reshe bayan doguwar tafiya bai kai ni natsuwa ba.

Sai ranar wasan ƙarshe na cin kofin kwalejoji. Kina wurin, na sani, amma ke daga sama kika gani, ni daga ƙasa. Bari in faɗa miki nawa.

Saura minti bakwai a tashi, ana ɗaya da ɗaya. Aka cillo masa ƙwallo ta bayan 'yan bayanmu, ya fito shi kaɗai, daga shi sai ni. Na baro raga na taho, na zube ƙasa da dukan jikina. Hannuna ya taɓa ƙwallo, ƙafata ta haɗu da gwiwarsa. Auta, na ji ƙarar. Filin nan cike da dubban mutane da ganguna da ihu, amma na ji ta, ƙas, kamar an karya ɗanyen reshe. Ban san lokacin da na cire safa na yar ba. Na tallabe kansa ina ihu a kawo motar asibiti, shi kuwa ya damƙe rigata, gumi yana keto masa, yana cewa, "Kwaɗo, kar ka kalli ƙafar, ni za ka kalla." Ki ji fa! Shi ke kwance, shi ke lallashina.

Alƙalin wasa ko laifi bai busa ba, ya ce ƙwallo na fara taɓawa. Na ce a canja ni, kocinmu ya kama kafaɗuna ya girgiza ni ya ce mutum goma suna kallona. Aka kai ga bugun fenareti, na kama biyu, ban ma san yadda aka yi ba. Aka ce mun ci kofi. Ban taɓa shi ba, har yau ban san nauyinsa ba. Na fita da rigar wasa da takalmi mai ƙusa ina neman motar da za ta kai ni asibiti. A bakin ƙofa na tarar da magoya bayanku cunkus, na ce yau kashina ya bushe. Sai suka dare suka ba ni hanya. Wani ya fara tafi, saura suka ɗauka. Wani dattijo ya cire ƙyallen wuyansa ya rataya min. Da jifa suka yi, da ya fi min sauƙi.

Kin san sauran. Dogon bencin barandar, warin magani, ƙofar ɗakin tiyata da ba ta buɗuwa. Likita ya fito ya ce jijiyoyi biyu sun tsinke, za a yi aiki, shekara guda aƙalla, kuma ba zai yi alkawarin komai ba. Ga takardar gayyatar da babbar ƙungiyar nan ta aiko masa, saura mako uku ya tafi gwaji, takardar da ke da kanki kika sa a leda kika ɓoye don kar ta yi datti. Mama ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Zauna ɗana, ƙaddara ce." Ke kuwa kika taso kika tsaya a gabana, idonki a bushe ƙamas, kika ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka so, za ka iya janye ƙafarka?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Kika jira. Kika ce, "Shirunka ya ishe ni." Kika juya, kuma daga ranar duniyata ta juya min baya tare da ke.

Tun daga nan yabo yake bina kamar ƙuda. Hoton da aka ɗauka ina tallabe da kansa ya zaga wayoyi. Mai askin ƙofar makarantarku, wanda da in na wuce sai ya yi kukan kwaɗo, ya manna hoton a jikin madubinsa. Katangar da aka rubuta zagina an shafe ta da fenti, kuma 'yan sifana ne suka shafe da hannunsu. Naku sun kasa jin haushina, namu sun kasa murnar kofi, har mai gangarmu ya je asibiti da 'ya'yan itace a leda. Kowa sai ya ce ni da yayanki ba a iya ƙinmu. Gari guda ya kasa fushi da ni, sai mutum ɗaya, kuma ita ce garin nawa gaba ɗaya! Me zan yi da tafin dubu in babu tafin hannunki a ciki? Wane amfani taurari za su yi wa wanda wata ya ɓace masa?

Kuma yabon nan nauyi yake min, don duk abin da ya biyo bayan ƙarar suke yabo. Ba wanda ya tambayi abin da ya zo kafinta. Ke kaɗai kika tambaya, don ke kaɗai kika san ni har can ciki. To ga amsarki, ya abar ƙaunata, ko da ita ce za ta raba ni da ke.

E, da zan iya.

Akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da na ga ƙafarsa ta kafu a ƙasa, na ga tawa tana tafiya wurinta. Jikina ya sani in na naɗe ta zai wuce ni ya ci. Ban naɗe ba. Allah shi ne shaidata ban yi nufin ji masa ciwo ba, na ɗauka zai tsallake ni kamar yadda ya sha yi. Amma ban janye ba, Auta. Na zaɓi raga. Ko da na janye zai tsira? Ban sani ba, likita ma bai sani ba. Sai dai ba wannan kika tambaye ni ba, kuma ba zan fake a bayansa ba. A barandar nan ƙarya ta zo min har kan harshe, mai sauƙi, kalma ɗaya tak, na san kuma da na faɗe ta da yanzu kina gefena. Na kasa yi miki ita. Gaskiyar kuma na kasa ɗaga ta. Shi ne shirun da kika ji.

Yayanki ya riga ki jin wannan. Tun makon farko na faɗa masa, yana kwance ƙafarsa a ɗaure. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya ce, "Da ka janye da na ci, da kuma na raina ka har abada." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma yau tashi ka tafi, ba na son ganinka." Na tafi. Kwana shida bai neme ni ba. A na bakwai wayata ta yi ƙara, ko gaisuwa babu, ya ce, "Wa kake so ya riƙa sauko da ni daga bene? Mama ce za ta yi?" Ya ce min bai gaya miki komai ba, wai magana tawa ce, ni zan kawo ta da bakina.

Shi ya sa kike jin an ce ina zuwa gidanku duk Talata da Alhamis in kai shi gashin ƙafa. Matakala ashirin da biyu ce daga ƙofarku zuwa ƙasa, na san kowace, na san mai tsaguwar da sandarsa ke maƙalewa. Yana rataya hannu a wuyana muna saukowa ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanata wai gola ba ƙarfi sai tsalle. Ke kuwa kullum kin riga ni fita. Ina tarar da kofin shayinki a kan tebur da sauran ɗumi. Ina tarar da silifas ɗinki a bakin ƙofa, ɗaya ya hau ɗaya, alamar sauri. Ina jin ƙanshinki a jikin labule, in tsaya kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Mama ta ce, "Yanzun nan ta fita," ba tare da ta dube ni ba, don ita ma tausayina take ji. Kaicona! Ina zuwa inda furen yake, in tarar da ƙanshi, furen ya tafi. Ina isa bakin rafi, in tarar da danshi, ruwan ya janye.

Da kin ga abin da yake sha a ɗakin gashin nan. Mai yi masa wata 'yar gajeriyar mata ce da ba ta san lallashi ba. Ta kama ƙafar ta lanƙwasa, ya cusa tawul a baki, ya matse hannuna har yatsuna su mutu. Ba ya ihu, sai dai jijiyar wuyansa ta miƙe. A hanyar dawowa wani lokaci sai ya yi ta kallon taga, in muka wuce filin da ake buga ƙwallo sai ya sunkuyar da kai. Ranar da ya kamata a ce ya tafi gwajin nan, mun zauna a mota a ƙofar gidanku kusan awa guda. Kada ki ɗauka ban san abin da na karya ba. Na sani, ina ɗauke da shi a wuyana sau biyu a mako.

Amma jiya, Auta, jiya! Gwiwar ta lanƙwasu har inda matar take nema. Ta karɓe sandunan ta ce ya tsaya. Ya tsaya. Ta ƙirga har goma yana tsaye da ƙafafunsa biyu, yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ya fashe da kuka, ni ma na fashe, matar ta ce, "Ku fitar min, ƙarti biyu kuna jiƙa min ɗaki." Kin san abin da ya fara faɗa da ya sami numfashi? Cewa ya yi, "Da ma Auta ta gani."

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta miki. Na gane ba ni kaɗai shirunki yake ci ba. Kina guje min, sai kina rasa shi. Na ɗauke masa shekara guda, ba zan yarda in ɗauke masa ƙanwarsa ba.

Ban ce ki yafe min ba, ya sanyin raina. Wannan naki ne, ki ba da shi ran da kika ga dama, ko ki riƙe abinki. In kin karanta amsata kin ji ba za ki iya sake kallona ba, ba zan ce kin zalunce ni ba. Zan ci gaba da kai shi har ranar da zai sauko benen nan da gudu ya bar ni a baya, don ba saboda ke nake kai shi ba. Amma ke nake jira, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ina jiranki kamar yadda busasshiyar ƙasa ke jiran hadari, ba ta da wata dabara sai kallon sama.

Ga roƙona guda ɗaya. Ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe huɗu, zai gwada tafiya ba sanda, daga bango zuwa bango, taku goma sha biyu. Matar ta ce lallai wani ya tsaya a can ƙarshen, wanda zai riƙa kallo yana tahowa, wanda zai tare shi in ya iso. Ya ce ni zan tsaya. Na amsa masa, amma na san ba wurina ba ne. Ki zo, don Allah ki zo. A wurin gashin ne, hawa na biyu, ƙofa ta uku a hannun dama. Kina shigowa zan matsa in ba ki wurin, in fita baranda in ja ƙofa, ba sai kin ce min komai ba. Ya isa in ji ta bayan ƙofa yana takowa, ɗaya, biyu, uku, yana nufo ki.

In kin fito kin wuce ni, zan bi ki da ido in gode wa Allah da na gan ki. In kuwa kin tsaya, ko da faɗa za ki yi min, ko da kuka, ko da zagi, wallahi zan saurara kamar mai jin waƙa.

Ki gaida Mama. Ki ci abinci, yayanki ya ce kin rame.

Naki jiya, naki yau, naki ko kin amsa ko kin yi shiru, wanda ba zai buɗe wa wata zuciyarsa ba muddin yana numfashi,

Mai tsaron ragar 'yan alli.